Godiya Ta Tafi Makaranta

A Agadas na fara gane cewa an sayar da ni. Ba wanda ya faɗa mini da baki. Na dai hango Madam Laraba tsaye a ƙofar gidan da aka sauke mu, tana magana ƙasa-ƙasa da wani dogon mutum mai rawani, tana nuna mu da haɓa ɗaya bayan ɗaya kamar mai cinikin awaki. Da suka gama ta shigo, ta ce mu kama hannun juna a yi addu'a. Ta yi addu'a mai tsawo, har da hawaye. Da muka ce amin ta rataya jakarta, ta ce bari ta je ta sayo mana ruwan sanyi. Ban sake sa ta a ido ba sai bayan da na dawo Bauchi.

Sunana Saratu. Mijina soja ne, a barikin Shadawanka muka yi zamanmu har aka tura su arewa maso gabas, aka dawo mini da akwatin kayansa ba shi. Bayan rasuwarsa na bar gidan bariki, na koma Yelwa wajen mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Kaka. Kullum da yamma nakan hau keke mai ƙafa uku in koma bakin bariki in soya kifi da doya. Da wannan nake riƙe da mu uku: ni da Kaka da 'yata Godiya. Godiya tana da ciwon sikila. In ciwon ya tashi takan cusa bakin zanena a bakinta ta ciza don kada kukanta ya dami maƙwabta.

Madam Laraba ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu. Ita ta same ni ta ce akwai wani babban asibiti a Libiya da ke neman masu shara, in na zauna da gindina zan iya ɗauko Godiya a yi mata magani a can. Matar da nake gani tana kuka a gaban Ubangiji kowace Lahadi, ta yaya zan zaci ƙarya a bakinta?

A gidan nan na Agadas na haɗu da Baraka. Ina zaune a jikin bango na haɗa kai da gwiwa, sai wata mata mai jiki ta zauna kusa da ni.

"Ke 'yar ina ce?"

"Bauchi."

"Kai! Wace unguwa?"

"Yelwa."

"Ni Gwallaga. Ashe 'yar gida ce nake ta kallo tun safe."

Tela ce, aurenta ya mutu, ta sayar da kekenta na ɗinki ta kamo hanya. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Da ta ga ɗan gicciyen da ke wuyana sai ta sa hannu ta tura shi cikin rigata, ta buɗe jakarta ta ciro hijabi ta miƙo mini.

"Ban ce ki bar addininki ba, Saratu. Kanki nake so ki kai inda za mu."

Aka loda mu a bayan mota a-kori-kura, ƙafafunmu na lilo a waje, kowa da sanda a tsakanin cinyoyinsa yana riƙe don kada ya faɗo. Hamada ba ta da abin kallo, yashi ne da rana da ƙishi. Ruwan jarkarmu warin fetur yake. Wani mutum da ya gaji ya saki sandarsa ya faɗo, muka yi ta dukan motar muna ihu, direban ko waiwayowa bai yi ba. Tun muna ganin mutumin yana ɗaga hannu har ya zama ɗan ɗigo.

In na fara sarewa sai Baraka ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Rufe ido. Ga mu a Bauchi, kasuwar Wunti, da hantsi. Mai masa ta kwashe ta farko, tana tiriri. Da miya za ki ci ko da ƙuli?"

"Yaya, ki bari."

"Ni dai da miya. A sa mini ƙashi mai ɓargo."

Haka take yi har sai na yi dariya da busasshen leɓe.

A wata rijiya da muka tsaya wasu mutane masu bindigogi suka tare mu. Suka jera mu, suka ware maza gefe, suka shiga zaɓen mata. Da ɗaya ya kama hannuna, Baraka ta rungumo ni ta baya tana nuna ƙirjina, tana kwaikwayon tari, tana cewa, "Ƙanwata ce, tarin fuka take, jini take tofarwa." Mutumin ya sake ni ya goge hannunsa a riga. Sai ya ja ta ita.

Na durƙusa a yashin nan na roƙi Yesu da duk abin da ke cikina ya hana. Bai hana ba. Da ta dawo ba ta dubi kowa ba. Ta koma gefe, ta buga tafukanta a ƙasa ta yi taimama, ta yi sallarta. Da muka hau mota na kama hannunta na ce, "Yaya..." Ta ce, "Kada ki ce komai. Riƙe sandarki."

A garin Sabha, cikin Libiya, aka raba mu. Wata mota ta zo da safe aka kira wasu, har da Baraka. Na cire hijabin zan mayar mata, ta ce in riƙe, ita tana da wani. Bayan na dawo gida na zaga Gwallaga lungu-lungu, shagon tela bayan shagon tela, ina tambayar wata Baraka mai ɗinki da ta tafi Libiya. Wasu sun tuna ta. Ba wanda ya san inda take, har yau.

Ni Tarabulus aka kai ni, kuma babu wani asibiti. Gida ne mai dogon bango da ƙofar ƙarfe. Ranar da na shiga uwargidan ta karɓe fasfona da wayata. Aikina shi ne kula da uwar mijinta, wata tsohuwa da rabin jikinta ya shanye: in ɗaga ta, in wanke ta, in canja mata shimfiɗa, in ba ta abinci a baki. In na gama da ita ga shara da wanki da girki suna jira. A kicin nake kwana. Albashina kuwa, in na yi magana sai a ce mini yana wajen mutumin da ya kawo ni. Uwargidan ba ta taɓa kiran sunana ba, tafi take yi in tana nemana.

Tsohuwar ce kaɗai ta ɗauke ni mutum. Bakinta ya karkace, magana da ƙyar, amma in an kawo mata dabino sai ta ɓoye wasu a ƙarƙashin filo da hannunta mai lafiya. In na sunkuya gyara mata kwanciya ta cusa mini a tafin hannu, ta ce, "Binti," wato 'yata. Ita ce kuma ta matsa wa ɗanta har ya yarda ranar Juma'a, in za su fita, a bar mini waya in kira gida.

Da fari nakan samu Godiya. Takan ba ni labarin ƙawayenta, ta tambaye ni ko na ga teku, ko asibitin yana da bene. Nakan ce mata yana da shi. Daga baya sai ya zama duk sanda na kira, Kaka ce take ɗauka.

"Kaka, ina Godiya?"

"Ta tafi makaranta, 'yata."

"Jikin nata fa?"

"Da sauƙi. Ke dai ki kula da kanki."

Wata Juma'ar a ce ta tafi koyon waƙa a coci, wata a ce maƙwabta sun aike ta. Amma yawanci makaranta. Har daɗi nake ji, ina cewa ashe ciwon ya lafa tunda ba ta fashi. In na ajiye wayar sai in durƙusa a kicin in gode wa Allah.

A gidan nan ba na sanin kwanan wata. Wata Juma'a na kira, na ji ganga da waƙa suna tashi a bayan muryar Kaka, yara suna ta fasa abin wasan wuta.

"Kaka, me ake yi haka?"

"Shagalin Kirsimeti ne bai ƙare ba."

"Ashe har an yi Kirsimeti. Ba ni Godiya in yi mata barka."

"Ta tafi makaranta."

Ta faɗa ne kawai don bakinta ya saba.

"Kaka, wace makaranta ake zuwa a hutun Kirsimeti?"

Ganga tana ta tashi.

"Kaka, don girman Allah."

Sai ta fashe da irin kukan tsofaffi, marar ƙarfi. Ta ce, "Tun damina, Saratu. Tun damina muka binne ta."

Ban yi kuka ba. Na ajiye wayar a kan teburi. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne durƙuson da na yi ta yi a kicin ɗin nan. Watanni ina gode wa Allah don lafiyar yarinyar da ke cikin ƙasa, yana ji, ya bar ni ina yi. Na ce masa, "Daga yau ba ni ba kai." Da ƙarfi na faɗa, da Hausa, har tsohuwar gidan ta juyo tana kallona.

Washegari na ɗauki kwandon shara zan kai waje kamar kullum. Na ajiye shi a bakin ƙofa na ci gaba da tafiya. Ba gudu nake ba, ban ma san inda na nufa ba. Abin da ke damuna in na tuna shi ne tsohuwar, ko wa ya juya ta a ranar. Ban yi nisa ba wasu masu kaki suka tsayar da ni, ba takarda, ba harshe. Suka jefa ni a mota.

Wurin da aka kulle mu wani tsohon sito ne, mata cike, daga ƙasashe iri-iri. Tagogin suna can sama kusa da rufi. Burodi ake jefo mana da taliya marar gishiri. Na samu wani lungu na kwanta na juya wa kowa baya. Ba na ci, ba na wanka. Mutuwa nake jira, kuma ban roƙe ta a wajen kowa ba, don ba ni da wanda zan roƙa.

Wata rana na ji an taɓa ni da ƙafa.

"Kai yarinya, tashi ka ci abinci."

Na juyo don jin Hausa. Wata dattijuwa ce ramammiya, Ibo, an haife ta a Jos ta girma a can. Mama Ngozi ake ce mata. Hausarta irin ta 'yan kasuwar da muke saye a wajensu a Bauchi, kowa "kai" ne a wurinta.

"Ba na ci."

"Ban tambaye ka ko kana ci ba. Buɗe baki."

Ta jiƙa burodi a ruwa ta dinga tura mini kamar jaririya. Washegari ta ja ni wajen famfo ta cuɗa ni da ɗan guntun sabulunta, ta zauna ta tsefe mini kai tana kashe kwarkwata. Tari take yi mai tsanani, in ya sarƙe ta sai ta dafa kafaɗata har ya wuce. Ba ta yi mini wa'azi ba ko sau ɗaya. A bakin wasu na ji labarinta: ita da 'ya'yanta mata biyu suka hau jirgin roba za su haye teku, jirgin ya kife. Ita aka tsamo.

Da lokacin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ya zo, matan da suke Kirista suka taru a tsakiyar siton da safe. Ba fasto, ba littafi, sai guntun burodi da ruwa a gwangwani. Mama Ngozi ta ce in zo. Na ce ba ni zuwa. Ta ce to, ta zauna kusa da ni, ita ma ba ta je ba. Da suka fara waƙa abin da ke cikina ya fashe.

"Mama, wa suke yi wa waƙa? Wanda ya ɗauke mijina? Matar da ta sayar da ni da sunansa ta yi mini addu'a. Na roƙe shi a hamada ya tsare wadda ta tsare ni, ya yi shiru. 'Yata ta mutu tana kirana, ni ina nan ina masa godiya kamar wawuya. Ke ma ina naki 'ya'yan? Ina yake sanda ruwa yake cin su?"

Na zaci za ta tsawata mini. Ta jira tarinta ya lafa.

"Ni ma na tambaye shi. Kullum ina tambaya. Bai gaya mini ba. Duk wanda ya ce maka ya san dalili, ƙarya yake yi, ko fasto ne."

"To me kike riƙe da shi?"

"Abu ɗaya. Shi ma an kashe ɗansa yana kallo. Uwar yaron tana tsaye a wurin, kamar ni, kamar kai. Suka sa shi a rami suka rufe da dutse. Ya fito. Tunda ya fito, ruwa ba zai riƙe yarana har abada ba. Ƙasa ba zai riƙe naka ba. Ajiya ne kawai."

"In kuma ba gaskiya ba ne fa?"

Ta buɗe tafukanta biyu ta nuna mini, ba komai a ciki.

"To kawo mini wani abu in riƙe."

Wata yarinya ta kawo mana burodin, Mama Ngozi ta gutsura ta ci, ta ajiye sauran a kan gwiwata. Ya daɗe a wurin. Da na ɗauka na sa a baki, a lokacin ne kukan Godiya ya zo mini, wanda ban yi ba tun ranar wayar. Na yi shi har muryata ta dushe, tana riƙe da kaina a cinyarta.

Ba wani abin al'ajabi da ya faru bayan haka. Ƙofa ba ta buɗe ba, taliyar ba ta canja ba. Mama Ngozi ta ci gaba da ramewa. Sanda masu mayar da mutane gida suka fara zuwa ɗaukar sunaye, ta riga ta kasa tashi. Ta mutu da rana tsaka, kanta a cinyata. Na rufe mata ido, na lulluɓe ta da zanena. Matan suka ce in yi addu'a tunda ni ce ta kusa da ita. Na daɗe ban yi magana da shi ba, ban san ta inda zan fara ba. Na ce, "Yesu, har yanzu ina fushi da kai. Amma ga Mama. Ta ce kai ba ka yar da ajiya. Ka karɓe ta." Iyakar abin da na iya ke nan. Masu gadi suka zo suka ɗauke ta a bargo, ban san inda suka kai ta ba.

Jirgi ya sauke mu a Legas, daga nan mota zuwa Bauchi. Na shigo gari da leda ɗaya a hannu. Komai yana nan yadda na bar shi, masu keke suna ta rigima da masu acaɓa, masu lemo sun jera a bakin titi. Na ji haushin garin, yadda bai ko lura ba.

Lahadin farko na je coci na tarar da Madam Laraba a gaba, cikin sabuwar atamfa, tana ba da waƙa. Da aka tashi ta nufo ni da hannu a buɗe tana cewa, "Saratu! Allah mai iko!" Na matsa baya. Na kai maganarta gaban dattawan coci, na faɗi komai. Ta yi kuka ta ce ita ma yaudararta aka yi. Suka ce in yi haƙuri, a bar wa Allah, kada a ɓata sunan ikkilisiya. Abin da na iya yi shi ne na bi gidajen zawarawa da 'yan matan da na san tana zagayawa, na zauna na ba su labarin hamada ba tare da na rage komai ba. Wasu sun ji. Ita kuwa tana nan tana waƙarta. Ban yafe mata ba tukuna, kuma na gaya wa Ubangiji haka.

Kaka ce ta fi mini wuya. Na same ta ta tsufa fiye da shekarunta, ido ya fara dushewa. Muna gida ɗaya, ina dafa mata abinci, ina gaishe ta, amma ba na zama inda take. Ita ma ba ta iya haɗa ido da ni. Mun daɗe a haka. Ban tambayi inda kabarin yake ba, don ban san ko zan iya tsayawa a kansa ba.

Wata safiya ta fito da sandarta, ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci.

"Maman Godiya, zo ki raka ni. Ƙafata ba za ta kai ni ni kaɗai ba."

Muka hau keke har inda hanya ta ƙare, muka ƙarasa a ƙasa. Ɗan tudu ne ƙarami, an kewaye shi da duwatsu, an kafa gicciyen katako. Ba ciyawa ko ɗaya a kai. Ashe duk mako takan lallaɓo ta cire.

Ta zauna a ƙasa da ƙyar. Ta ce, "Na san kina riƙe da ni. Kina da gaskiya. Na ji tsoro ne, kina can ke kaɗai, in na gaya miki ki yi wa kanki wani abu. Na rasa ɗana, na binne jikata, ban so in rasa ki ba."

Ta dubi gicciyen, ta ci gaba.

"Akwai wanda ban gaya miki ba. Ba ke kaɗai na yi wa ƙarya ba. A asibiti, da ciwon ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai ke. Ta ce, Kaka, ina Mama? Na ce kina hanya. In ta farfaɗo ta sake tambaya, in ce kina hanya, kin kusa. Da wannan ta yi shiru. Da wannan ta tafi." Ta share fuska da bakin ɗankwali. "Shi ne yake hana ni sukuni, Saratu. Na sallami yarinya da ƙarya a bakina. Yaya zan tsaya a gaban Ubangiji?"

Na dubi tudun nan, na dubi tsohuwar da ta yi jinya ita kaɗai, ta yi wa gawa wanka ita kaɗai, ta ɗauki wayata duk Juma'a da wannan nauyin a ƙirji. Na durƙusa kusa da ita na dafa ƙasar. Rana ta riga ta gasa ta, da ɗumi.

Na ce, "Kaka, wannan ba ƙarya kika yi mata ba. Ina hanya. Ke ma kina hanya."

Ta kama hannuna da nata biyu, muka daɗe a haka. Da rana ta fara zafi ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Na juya mata baya na tsuguna.

"Hau, Kaka."

"Ke, a gaban mutane?"

"Hau mana."

Na goya ta har bakin titi. Ba ta da nauyi ko kaɗan.